Kuɗin fanshon da ake cire mana duk wata: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ma'aikacin lafiya, Kawo

Assalamu alaikum. Shekarata 14 ina aikin gwamnatin tarayya a nan Kaduna, kuma tun daga albashin farko ake cire min kuɗin fansho. Da can kashi bakwai da rabi cikin ɗari ne, da aka sake dokar a 2014 ya koma takwas, gwamnati kuma ta zuba goma. Ban taɓa tanka wa ba sai watan jiya, da mahaifiyata ta kwanta aka ce sai tiyata. Ga kuɗi a asusun fanshona, da sunana, sun ninka abin da asibiti ke nema. Na je ofishin kamfanin da ke kula da asusun fanshona. Yarinyar da na tarar ta yi min bayani cikin ladabi, ta ce ba dama sai na yi ritaya na kuma kai shekara 50, ko kuwa na rasa aiki na yi wata huɗu a zaune, sannan a ba ni kashi 25 na abin da ke asusun. Ƙarshenta filina na Rigachikun na sayar, da asara. Har yau abin na ci min rai. Don Allah duk wanda ya taɓa karo da wannan tsari ya ba mu labarinsa.

Tsohon ɗan sanda, Rigasa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya, ɗana. Ni na ga ƙarshen hanyar da kake kai. Shekara 35 cif na yi a cikin kaki. Da na ajiye aiki sai da na haura shekara guda ban ga ko sisi ba, domin na fara aiki tun kafin dokar 2004 da ta kawo wannan tsari, kuma haƙƙina na shekarun baya sai gwamnati ta zuba shi a asusu kafin a fara lissafi. A wannan zaman na ci bashin mai shago har na daina bi ta ƙofarsa. Da kuɗin suka fito aka ba ni wani yanki a dunƙule, sauran aka ce za a riƙa tsakura min wata-wata. Abin da aka ba ni a dunƙule bashi ya cinye rabinsa, ragowar ko rufin ɗaki biyu bai yi ba. Na wata-watan kuwa, in na sayi maganin hawan jini da mudun masara kaɗan, ya ƙare kafin goma ga wata.

Abin da ya fi ƙona mana rai, mu tsofaffin 'yan sanda, shi ne an fitar da sojoji da jami'an tsaron farin kaya daga tsarin, ma'aikatan Majalisar Tarayya ma sun fita a 2023. Mu da muka kwana a kan titin Birnin Gwari tare da sojan, an bar mu a ciki. Shi ya sa kuke ganinmu da furfura muna zanga-zanga. In tuwon da daɗi, me ya sa na kusa da murhu suka tsame hannu?

Ma'aikaciyar ofis, Barnawa

Baba, Allah ya saka muku. Ni nawa daban ne. Takardar albashi ta nuna an cire, amma da na karɓi bayanin asusuna sai na ga wata bakwai babu abin da ya shiga. Doka ta ce cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi a tura kuɗin. Kamfani ya ce in koma wajen aikinmu, wajen aikinmu suka ce sun tura. Sai da na tattara takardun albashi na kai da hannuna sau huɗu kafin watanni biyar suka bayyana. Biyu har yanzu shiru. Kowa ya riƙa duba nasa, kada ya jira sai ranar ritaya.

Akawu, Kakuri

Ku yi haƙuri, ni zan ɗan saɓa muku. Mahaifina ya yi shekara ashirin da wani abu a ɗaya daga cikin masaƙun nan na Kakuri. Da aka rufe ta, da alƙawari aka sallame su, har ya rasu bai karɓi haƙƙinsa ba. Kawuna kuma tsohon tsari ya yi, na sha raka shi layin tantancewa, tsofaffi na faɗuwa a rana. Da jiharmu ta shiga wannan tsari a 2017 ni murna na yi, don aƙalla kuɗin na cikin asusu mai sunana, in na mutu magadana su karɓa. Kuma mu faɗi gaskiya, da a hannu ake ba mu kuɗin da ake cirewan nan, biki da suna sun cinye shi.

Malamar jinya, Tudun Wada

Yaya, Allah ya jiƙan Baba. Amma ka dubi abin da kuɗin za su saya. Dubu biyar ɗin da aka cire min shekara goma da suka wuce cefanen mako ce, yau ko man girki ba ta cika min. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya tashi, ribar da suke rubuta min ba ta kamo kasuwa ba. Ƙanwata da ke adashi ta sayi tumaki biyu a lokacin, yanzu garke gare ta. Ni ba ajiyar nake ƙi ba. A tilasta min, a kuma hana ni taɓawa ranar da wuta ta kama ni, shi ne ba na so.

Malamin makaranta, Unguwar Rimi

Ni damuwata kuɗin ruwa ce, tunda yawancin kuɗin bashi ake ba gwamnati da su. Hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta amince da asusu marar ruwa a 2021, wanda ake kira na shida. Na cike takarda na koma can, hankalina ya ɗan kwanta. Tun 2020 kuma mutum na iya sauya kamfani sau ɗaya a shekara in suna yi masa wasa.

Ma'aikacin lafiya, Kawo

Na gode ƙwarai. An sallamo Hajiya shekaranjiya, tana samun sauƙi. Baba na Rigasa, labarinka ya hana ni barci. Yanzu ina bin maganar kashi 25 da aka ce ana ba mai son mallakar gida, amma na ji dole sai ta hanyar bashin banki, ni kuwa bulo nake so in saya in fara gini da kaina. Hajiya ta Barnawa, bayan takardun albashi, da wace takarda kika je? Na duba nawa jiya da dare, watanni uku na bara ban gan su ba.