Shin da gaske wutar sola ta fi tsafta ga muhalli?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ana yawan cewa wutar sola ba ta gurɓata muhalli, alhali fiye da kashi 80 cikin ɗari na aikin ƙera farantanta a ƙasar Sin ake yi, inda kwal ke da kaso mafi tsoka a samar da lantarki. Anya ba mazauni kawai hayaƙin ya sauya ba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana kan hanya, domin narka ma'adinin da ake yin farantan yana cin wuta sosai. To amma kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya yi wannan lissafi a rahotonsa na 2014, tun daga haƙo ma'adini har zuwa ranar da za a rushe tashar. A kan kowane yunit guda na lantarki, kwal na fitar da kimanin giram 820 na iskar da ke ɗumama duniya, gas 490, manyan tashoshin sola 48. Madatsar ruwa tana kan 24, nukiliya 12, injinan iska na tudu 11, don haka sola ba ita ce ta ɗaya ba, sai dai ta yi wa kwal fintinkau. Faranti kan biya bashin wutar da aka ƙera shi da ita cikin shekara ɗaya zuwa biyu, sannan ya ci gaba da aiki shekara 25 ko fiye ba tare da toka ko hayaƙi ba.

Amsa ta biyu:
A ganina, ɗan'uwa, ba a farantin gizo ke saƙa ba, a batir ne. Batir mai dalma yakan mutu cikin 'yan shekaru, kuma inda babu sa ido, fasa shi ake yi da guduma, a tsiyaye ruwan asid a ƙasa, a narka dalmar a fili, ƙurarta ta sauka a inda yara ke wasa, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take lalatawa. Na litiyam ya fi daɗewa, amma shi ma haƙarsa a hamadar Atakama ta ƙasar Chile ta jawo ƙorafi kan ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Amsa ta uku:
Akwai kuma batun shara. Hukumar kula da makamashi mai sabuntuwa ta duniya, wato IRENA, ta yi hasashe a 2016 cewa tsofaffin farantai za su iya kaiwa tan miliyan 78 nan da 2050. Galibin nauyinsu gilashi ne da alminiyum da ake iya sake sarrafawa, sai dai a ƙasashe da dama babu dokar da ta ɗora wa kowa alhakin tattara su.