Kemo ne ya kashe wa Inna ƙafafu?

Rabi: Wata biyu ke nan da Inna ta gama allurar cisplatin, wani maganin kansa cikin waɗanda ake kira kemo, amma tafin ƙafarta sai ƙara mutuwa yake. Ta ce kamar auduga take takawa. Ni dai na ce maganin ne.

Kawu Sule: Rabi, kar ki ɗora wa magani laifin da ba nasa ba. Kemo ƙwayoyin halittar jiki da ke rabuwa yake bi, shi ya sa gashi ke zubewa. Ƙwayar jijiya kuwa ba ta rabuwa. Kuma an daina yi mata, ta yaya zai ƙara ciwo? A duba suganta.

Nasiru: Kawu, a duba sugan, don yana ƙara haɗarin. Amma ina bayan Yaya Rabi. Cisplatin na ɗauke da ƙarfen platinum, shi kuma manne wa DNA yake, wato kundin umarnin gado da ke cikin ƙwayar halitta. Ko ƙwaya ba ta rabuwa, kullum sai ta karanta DNA ɗinta kafin ta haɗa furotin ɗin da take rayuwa da shi. In ƙarfen ya tare hanya, karatun ya tsaya, ƙwayar ta galabaita, wata ma ta mutu. Kuma ƙwayoyin da ke kai saƙon taɓi suna zaune ne cikin wasu ƙulle-ƙulle a gefen laka, inda shingen da ke kare ƙwaƙwalwa daga abin da ke cikin jini bai rufe ba. Nan maganin ke taruwa. Da cisplatin, sananne ne alamun su ci gaba da tsananta wasu watanni bayan allurar ƙarshe.

Kawu Sule: To me ya sa ƙafa, ba ciki ko baya ba?

Nasiru: Jijiyoyin da suka fi tsawo su ke fara gazawa. Wadda ta taso daga ƙugu zuwa ɗan yatsan ƙafa takan kai kusan mita 1.

Anti Hauwa: Ni wani kemon, paclitaxel, aka yi min na kansar nono. Yatsuna suka mutu, maɓallin riga sai da ya gagare ni, sannu a hankali ciwon ya sake ni. Abin da ke hana ni barci shi ne, in DNA ta taɓu, ba zai bi 'ya'ya ba?

Nasiru: Anti, naki ma ba DNA yake kamawa ba, 'yan siraran bututun da ke jigilar kaya cikin jijiya yake sandarar da su. Kuma abin da ya sami ƙwayar jijiya ba a gadonsa. Batun haihuwa daban ne, likitanki za ki tambaya.

Kawu Sule: Har yanzu ban sakar wa suga ba. Mahaifinmu haka ƙafarsa ta yi, bai taɓa ganin kemo ba.

Rabi: Duka biyun zan faɗa wa likita ranar Litinin, Kawu. Kafin nan na hana ta yawo ba takalmi, ruwan wankanta ma ni zan riƙa taɓawa da hannu.