Neman shawara: ta ina zan fara kwalliyar fuskar 'yar tsana mai gaɓoɓi?

Maman Iman, Sabon Gari:
Salamu alaikum 'yan uwa, ina wuninku. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar. Yayana da ke karatu a Sin ya aiko mani da 'yar tsana irin mai gaɓoɓin nan da ake ce ma BJD, wadda hannu da gwiwa da wuya duk suna lanƙwasuwa saboda igiyar roba ce aka zura ta ciki ta riƙe su, tsawonta zai kai santimita 45, launin jikinta wankan tarwaɗa. To fuskar fayau take, ba gira ba jan baki, idanun ma daban suka zo cikin 'yar leda. Ya ce wadda kamfani ya yi ma kwalliya ta fi tsada, kuma tunda ina lalle da kwalliyar amare ai wannan ba zai gagare ni ba. Kayan kwalliya kam ina da su birjik, hoda, jan baki, gazal, kwalli, har gashin ido na mannawa. Zan iya da su ko akwai nata na musamman? In akwai, ana samu Kasuwar Dole ta nan Damagaram ko sai Kano? Tsoro nake ji in ɓata ma yaya kuɗinshi.

'Yar Birni:
Wa alaikissalam, lallai kin yi sa'ar yaya, Allah ya bar zumunci. Ni ban san komai a kai ba, na zo in ɗauki darasi ne, amma a turo mana hoto in an gama.

Tanti Zango mai zane:
Ɗiyata gara da kika tambaya kafin ki taɓa. Ajiye jakar amaren nan gefe guda, ko ɗaya kada ya hau fuskarta. Jikin irin waɗannan ba robar 'yar tsanar yara ba ce, wani abu ne da ake ce ma rezin, ana zuba shi a mazubi ya daskare ya yi tauri, kuma shan maiƙo gare shi. Jan baki da gazal da hodar ruwa duk akwai mai a ciki, in ya shiga ya shiga ke nan sai dai a kankare. Haka biro da alƙalamin maka, tawadarsu nutsewa take.

Abin da duk aikin ya rataya a kai shi ne feshi, wato banish marar launi na gwangwani da ake fesa ma fuskar, ba launi ba. Rezin santsi gare shi, in kika sa garin launi kai tsaye kamar kin barbaɗa gari bisa farantin tangaran ne, ki hura ya tashi. Feshin ke yin shimfiɗa mai ɗan kaushi wadda launi zai kama, kuma shi ne katanga tsakanin launi da rezin ɗin, ran da kwalliyar ta gundure ki sai ki wanke ta koma fayau ki sake. Wanda masu harkar suka fi amfani da shi Mr. Super Clear ne na Japan, marar ƙyalli za ki nema, akwai ma mai kare hasken rana. Dama can Japan ɗin harkar waɗannan 'yan tsana ta bunƙasa, kamfanin Volks ne ya fito da tashi mai suna Super Dollfie a 1999 sannan 'yan Koriya da Sin suka biyo baya.

Da farko ki cire kan daga jiki, akwai murfi a ƙeya, yawanci maganaɗisu ke riƙe da shi, in kin buɗe za ki ga ƙugiyar da ta riƙe igiyar. Ki wanke kan da sabulun wanke-wanke da ruwa mai ɗan ɗumi ki bari ya bushe ƙarau, ki fesa sau biyu ko uku marar kauri, gwangwanin na nesa kamar santimita 25, kowane ki ba shi kamar rabin awa. Sai launi. Fastel mai taushi, mai kama da allin lekol, BA mai maiƙo ba, ki duba kwalin da kyau don akwai iri biyu. Ki goga shi a farar takarda ya zama gari, ki ɗiba da burushi mai laushi ki kakkaɓe sannan ki shafa kumatu, kan hanci, haɓa, kunne, fatar ido, da tsakiyar leɓe. Kaɗan-kaɗan fa, har ki ji kamar ba ki sa komai ba, ki fesa, ki ƙara wani. Ku masu kwalliyar amare hannunku nauyi gare shi, kun saba a hango amarya tun daga bakin zaure, nan kuwa fuskar duka ba ta cika tafin hannu ba.

Maman Iman, Sabon Gari:
Hhhh Tanti kin gama da mu. Na gode Allah ya saka da alheri. To feshin gashi fa ba zai yi ba? Ko in ce ma yaya ya sako Mr. Super Clear ɗin cikin akwati in zai zo hutu.

Malam Mai Fenti, Garin Malam:
Hajiya ni allon shaguna nake rubutawa ba 'yar tsana ba amma ta wajen feshi zan iya sa baki. Feshin gashi ba zai yi ba, danƙo yake kuma ruwa na taɓa shi ya narke. Banish ɗin gwangwani da ake saidawa wajen masu kayan gini da na mota shi ma ki bar shi, yawanci mai ƙyalli ne kuma da ƙarfi, launi ba zai zauna a kai ba. Maganar akwati kuwa kada ki sa a kwashe mashi kaya a filin jirgi, gwangwanin fenti mai kamawa da wuta ba a yarda da shi cikin jirgin sama ba, shi ya sa ko ta intanet yake wuyar zuwa. Abin da zai iya ɗaukowa shi ne banish na ruwa na kwalba marar ƙyalli, irin na Liquitex ko Vallejo, ana dangwala shi da soson hoda sabo, dangwalawa fa ba shafawa ba don in kin ja sai ya kwashe launin da ke ƙasa. Bai kai feshin kyau ba amma don koyo ya wadatar. Ki kuma sa masu zuwa Kano su tambaya shagunan kayan zane, ki ba su hoton gwangwanin a waya don kada a haɗa su da wani abu daban.

In Allah ya sa kin samu feshin, kada ki yi a ɗaki, kada yara na kusa, kuma takunkumin ƙyalle na lokacin korona ba ya tare komai, irin na masu fentin mota mai gwangwani biyu a gefe za ki nema. Ƙirji ba a sayo wani. Sai yanayin garinmu, da hunturu ƙura za ta sauka kan feshin tun bai bushe ba ki ga ɗigo-ɗigo a kumatu, ki tanadi kwali ko roba mai tsabta ki kifa a kai da kin fesa. Da damina in iska ta yi laima sai ya yi fari-fari kamar hazo. Watan Afrilu da Mayu kuwa da tsakar rana tun a iska yake bushewa ya sauka da tsakuwa-tsakuwa. Da sassafe cikin inuwa ya fi, kuma kada a bar gwangwanin a rana.

Abu Sumayya:
Ba don in ɓata zance ba, amma ku tambayi malamai hukuncin zana fuskar mutum-mutumi kafin a yi nisa.

Admin:
Mun gode da tunatarwa Malam. An san Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana, malamai kuma sun yi bayani a kan iyakar abin, kowa ya koma ga malaminshi. Nan a tsaya kan tambayar da aka yi don Allah.

Ɗan Kara-Kara gyaran waya:
Anti in kina neman abin gogewa, alkol ɗin da muke wanke injin waya da shi, isofurofil, yana cire feshi da launi, da auduga ko tsinken goge kunne. Na farmasi ma yana ɗan yi sai dai da jan lokaci. Amma disolba na goge farce ki yi hankali da shi, wani yana cin roba.

Tanti Zango mai zane:
Gaskiyar yaron nan, kuma tunda kin ce wankan tarwaɗa ce ki ƙara kula. Wasu kamfanonin launin a cikin rezin ɗin yake tun daga zubi, wasu a sama kawai yake, to duk abin da za ki goga ki fara gwadawa a cikin murfin ƙeya inda ba mai gani. Kada ki dirje ta da farin soson nan na goge tabo, yana barin wuri ya yi haske. Feshi ma in ya yi kauri a fata mai duhu sai ta yi toka-toka. Launi kuma ki bar ruwan hoda mai haske na Turawa, ki nemi ja mai duhu, ruwan goro, ruwan ƙasa, su ke fitowa da rai a irin fatarmu.

Gira ita ce ke sa mutum kuka. Ki fara da inuwarta da garin fastel, ki gyara siffar da abin goge fensir irin mai laushin nan da ake murzawa, ki ɗauki hoto da waya ki duba ko ki juya kan ƙasa ya koma sama, nan take za ki ga wadda ta fi 'yar uwarta tsawo, ido da ido ba ya nunawa. In sun daidaita ki fesa, sannan ki ja gashin ɗaya bayan ɗaya da fensir mai launi irin na ruwa, Faber-Castell na da shi, ki feƙe shi tsini sosai kina yi kina sake feƙewa. Amfaninshi in layi ya karkace tsinken kunne mai ɗan laima ya isa ya ɗauke ba tare da taɓa na ƙasa ba. Fentin akirilik da siririn burushi ya fi kyau amma ki bari sai hannu ya faɗa, ko da yake ke mai zanen lalle ce ba za ki daɗe ba. Ƙyallin leɓe da na gefen ido shi ne na ƙarshe bayan feshin ƙarshe, in kin riga kin sa feshin zai kashe shi. Gashin ido ki yanka naki na amare daidai, ki manna ta ciki da farin gam na makaranta, ban da sufagulu, sannan idanu da ɗan danƙon da ke riƙe su. In kin gama kada ki ajiye ta bakin taga, rana na sa rezin ya canza launi.

Maman Iman, Sabon Gari:
Kai jama'a na gode ƙwarai, duk na kwafe. Yanzu dai in na fahimta ba zan taɓa ta ba sai banish ya zo.

Tanti Zango mai zane:
Ita kam ki naɗe ta ki ajiye. Amma kada ki zauna jira, ki shiga Dole wajen masu kayan wasan yara ki sayi 'yan tsanan roba masu arha guda biyu, ki goge fentin fuskarsu, robar kansu mai taushi tana jure disolba, jikin mai tauri ne ba ya jurewa. Ki yi ta jan gira a kansu. Ina da ragowar banish na kwalba da fastel ɗin da ban amfani da su, ki turo kabu-kabu ran Asabar bayan la'asar ya karɓa, lambar sai ta inbos.