Mi za mu ce ma "couche" da "formation" da Hausa?

1/ Jama'a a taimaka. Ƙanena na karatun ilimin duwatsu nan jami'ar Maradi, jiya da dare ya so ya yi ma Baba bayanin roche sédimentaire sai Hausa ta ƙare mishi, yana ta "wato... wato...". Shi ko Baba ya tsufa cikin ginar rijiya.

2/ Dutsin da ake nufi shi ne wanda rairayi da laka sunka kwanta ƙarƙashin ruwa, wani bisa wani, har sunka daskare. Kamar abin da gulbi ka bari bakin Gulbin Maradi bayan damana, sai dai shi wanga ya yi shekaru miliyoyi. Ni na ce kwantaccen dutse. Wani ya ce dutsen laka, amma ai ba duka ne laka ba, farin dutsen da ake siminti da shi a Malbaza fa?

3/ Couche kuma, wato kowane ɗaya cikin waɗanga da sunka kwanta wani bisa wani, anka ce shimfiɗa, anka ce hawa. Hawa na bene ne don Allah. Baba ya ce sahu, kamar sahun bulo, haka masu ginar rijiya suke cewa in sun wuce rairayi sun iske marmara sannan yumɓu. Da ƙanena ya ce wani bature Steno ne ya rubuta a 1669 cewa sahun ƙasa ya girmi na bisa, Baba dariya ya yi, ya ce yaro wannan sai an rubuta?

4/ Inda rigima take shi ne formation, wato sahu da yawa masu kama da juna da za a iya bi a zana su a taswira, kuma sunan wurin da anka fara bayyana su ake ba su, shi ya sa akwai na Gwandu, Kalambaina, Dukamaje can Sakkwato da Kebbi, da Elrhaz wajen Gadufawa inda anka tono ƙasusuwan dinozor. Ni zubi nike so. Magina na cewa zubin farko, zubi na biyu in suna dalle. Zubin Kalambaina, zubin Gwandu, ku ji yadda ya zauna a baki.

5/ Wata malama ta ce zubi zai sa a zaci adashe ne 😂 Hajiya ai dutse ma tarawa ya yi kaɗan-kaɗan. Na bar shi zubi. Saura groupe, mai haɗa zubi da yawa, ƙanena ya ce dangi, Baba bai yarda ba tukuna.