Abin da masana suka ce ga mai son sana'ar rubuta manhaja

A wata tattaunawa kan yadda za a fara koyon rubuta manhaja, shawarar da aka fi nanatawa ita ce: zaɓi yaren rubuta manhaja ɗaya, misali Python, ka zauna a kansa wata shida, awa biyu kullum. Masu tsalle daga wannan yare zuwa wancan sukan ƙare ba su iya ko ɗaya ba. Kallon bidiyon darasi kaɗai kuwa yaudara ce. Kana gani kamar ka gane, amma ranar da aka ce rubuta da kanka sai ka tsaya cak. Maganinsa, rufe bidiyon ka sake rubuta darasin daga kai.

Kwamfuta mai RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) gigabait 8 ta isa, ba sai an ci bashi ba. Koyi Git, manhajar da ke adana tarihin duk sauyin da ka yi wa aikinka, da wuri, ka ɗora ayyuka uku kammalallu a GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan ayyuka, kamar manhajar lissafin bashin kanti, tare da bayanin yadda ake kunna ta. A kula kada kalmar sirri ta bi aikin zuwa can, domin ko an goge ta tana nan a tarihin Git, sai dai a sauya ta.

Wasu sun ƙara da koyon SQL, yaren da ake amfani da shi wajen sarrafa rumbun bayanai. Ɗalibai kuma kada su ɓata watannin SIWES, wato horon sanin makamar aiki na ɗalibai, a ofishin da aikensu kawai za a riƙa yi.