Muhawara: dole ne kayan da za a fara saukewa su zauna a wutsiyar mota?

Mai mangaza, Kasuwar Dole: Salamu alaikum jama'a. Dokar lodi ɗaya ce, ba ta da ƙanwa: wanda za a sauke ƙarshe shi ke fara shiga. Mota ta tashi daga Damagaram za ta ajiye kaya a Mirriya, Gidimuni da Gure, to palet ɗin Gure, wato katakon da ake jera kaya a kansa, ya manne da kan mota, na Gidimuni a tsakiya, na Mirriya a bakin ƙofa. Sai a rubuta sunan gari a ɓangarori biyu na kowane palet.

Tsohon direba: Wa'alaikumussalam Alhaji. Ga mangaza maganarka daidai ce, ga sitiyari kuwa da sauran magana. A ce na Mirriya shinkafa ce, palet 4, kowane da buhu 20 mai kilo 50, tan 4 ke nan. Na Gure kuma katan-katan na biskit, palet bai wuce kilo 300 ba. Ka bi dokarka, nauyi duka ya koma bayan ƙafafun baya, gaba ya yi sakayau. Sitiyari ba zai kama ƙasa ba, birkin gaba ya ragu, a kwana kuma motar ta riƙa wulla wutsiya.

Mai mangaza: Baba, ai Mirriya kusa ce, bai kai kilomita 20 ba.

Tsohon direba: Rami ɗaya ya isa ya karya sifirin, Alhaji.

Makanike, Sabon Gari: Bari in sa lissafi. Mota mai tazarar mita 5 tsakanin ƙafar gaba da ta baya, an ɗora tan 2 a mita ɗaya da rabi bayan ƙafar baya. Wannan nauyin yana ɗage gaba da kilo 600, wato 2 sau 1.5 a raba da 5. Kuma abin da ba a cika lura da shi ba: idan gaban cike yake da kaya masu nauyi, da an sauke na wutsiya sai kilo 600 ɗin ya dawo kan ƙafar gaba. Kaya sun ragu, amma gaba ya ƙara nauyi. Ƙa'ida mai lamba 14 ta 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da kuɗin sefa, ta ba ƙafar gaba tan 6 kawai, ƙafar baya mai taya bibbiyu tan 12. Motar da ta wuce sikeli lafiya da safe tana iya karya ƙa'ida bayan saukewar farko.

Mai tuƙa injin ɗaga palet: Maigida, rabin gardamar nan kan irin bodi ne. Rufaffen bodi mai ƙofar baya kaɗai shi ke tilasta jerin Alhaji. Wanda ake buɗe gefensa kuwa, faɗinsa kusan mita 2.45 ne, palet mai santimita 120 da 100 biyu ke shiga a jere, kowane ana iya cire shi ta gefe. Sai a sa shinkafar a tsakiya, kan ƙafafun baya da ɗan gabansu. Sharaɗi ɗaya: a cire bibbiyu, hagu da dama, kada gefe guda ya rinjaya.

Shugaban 'yan dako: Ranka ya daɗe, wane inji za ka samu a ƙofar shagon ɗan kasuwa a ƙauye? Da hannu ake saukewa, buhu-buhu. In shinkafa na tsakiya a rufaffen bodi, sai an taka katan ɗin wani kafin a kai gare ta, kuma wanda aka murƙushe ba mai karɓa.

Tsohon direba: Nan na yarda da kai, ɗana. To a rufaffen bodi a raba nauyin: palet 2 na shinkafa a bakin ƙofa, a sauya hanya ko a ajiye sauran biyun a dawowa in mai kaya ya amince.

Makanike: Kuma kowa ya manta giɓi. In aka cire daga tsakiya aka bar fili, birki mai ƙarfi na tura kaya gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsu, a kwana ko lokacin tashi kuwa gefe da baya kashi 50. Palet mai tan 1 da ya sami rabin mita na gudu zai fasa na gabansa. A nan jerin Alhaji ya fi, domin ragowar kaya na manne da bangon gaba.

Mai mangaza: Alhamdu lillahi, an dawo kan maganata.

Makanike: Rabinta dai. Bayan kowace saukewa sai an tsayar da palet ɗin da ba komai a kansa a bayan layin ƙarshe, a ɗaure da bel mai ƙugiya guda 2, sama da ƙasa, a sa kwali mai kauri a kusurwa kada bel ya yanke katan. A sake matse su bayan kilomita kaɗan, domin buhu yana zama, bel ya saki.

Shugaban 'yan dako: To wa zai biya aikin sake jerawa a Gidimuni, mai kaya ko mai mota?