Wace shuka za mu sa a unguwarmu? Shawarwari kan dawo da itatuwa da tsuntsaye a gefen Zariya

Sakataren ƙungiyar unguwa, Dakace:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Tun da aka fara yanka gonakin wajenmu ana sayar da fulotai, duk wanda ya sayi fili abin da yake fara yi shi ne sare itacen da ya tarar a ciki, har ta kai yanzu unguwar ba inuwa, ba tsuntsaye, kuma ruwan damina yana cin bakin rafin da ke gangarawa kogin Galma. Ƙungiyarmu ta sami izinin yin shuka a wurare uku: harabar makarantar firamare, gefen maƙabarta, da bakin rafin. Kuɗinmu kaɗan ne, kuma mafi yawan mambobi sun karkata ga sayen darbejiya saboda arha da saurin girma. Ina neman shawararku kafin mu kashe kuɗin jama'a.

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Samaru:
Wa alaikumus salam, ɗana. Shawarata ta farko ita ce kada ku sayi ko dashe ɗaya sai kun zagaya wuraren nan uku da ƙafa, kun ƙirga kututturen da ke tohowa. Ƙasar da ta daɗe tana gona a yankinmu ba ta rasa saiwar kalgo, marke, kanya, taura ko kirya a ƙarƙashinta, kuma saiwar da ta shekara ashirin a ƙasa ta riga ta kai ga laima, ba ta jiran kowa ya ba ta ruwa. Abin da ake yi shi ne a zaɓi tsiro biyu ko uku mafi ƙarfi a kan kututturen, a yanke sauran da wuƙa mai kaifi, a rage rassan ƙasa, sannan a ɗaura wani ƙyalle don kowa ya san an bar shi da gangan. Wannan shi ne abin da manoman Maraɗi suke kira sassabin zamani. Sun fara shi a shekarun 1980, kuma an ƙiyasta cewa ya dawo da itatuwa a kan hekta kusan miliyan 5 a Jamhuriyar Nijar, a ƙasar da ruwan da take samu bai kai namu ba, domin mu a Zariya muna samun kimanin milimita 1,000 a shekara. Idan ya yi aiki a can, ban ga dalilin da zai hana shi aiki a Dakace ba.

Game da darbejiya, ba na ƙin ta, kuma a bakin titi ko ƙofar gida tana da amfaninta. Sai dai baƙuwa ce daga Indiya, tana yaɗuwa da kanta har ta danne na gida, kuma idan kuka cika wuri da ita kaɗai za ku sami inuwa amma ba za ku dawo da abin da kuka rasa ba.

Hajiya mai daddawa, Ƙofar Gayan:
Malam ya faɗi gaskiya, ni kuma roƙona shi ne a sa ɗorawa a sahun gaba. Mu da muke sana'ar daddawa mun fi kowa sanin yadda kalwa take ƙara tsada, kuma daga nesa ake kawo mana ita yanzu. Itace ɗaya ne yake ba da gari ga yara, kalwa ga tukunya, makuba ga masu daɓe, don haka ba za a rasa wanda zai tsaya masa ba idan wani ya zo da gatari. Ba sai kun sayi iri ba. Ku tara kalwa daga 'ya'yan da suka nuna a kan uwa wajen Afrilu zuwa Mayu, ku zuba mata ruwan zafi ku bar ta ta kwana a ciki domin ɓawonta yana da tauri, sannan ku shuka a leda. Kaɗanya kuwa ba ta son ajiya, ƙwarar da aka ci yau a binne ta cikin 'yan kwanaki, kuma a wurin da za ta zauna, domin saiwarta tana nutsawa ƙasa tun kafin ganye ya fito. Tana iya kai shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, saboda haka ku gaya wa mutanenku tun yanzu don kada su ce ta ƙi. Kuma ku sa mata cikin kwamitin, ɗana, domin su ne suka san inda sauran uwayen itatuwan suke.

Malamar kimiyyar halittu, Hanwa:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Hajiya wanda mutane ba su cika lura da shi ba. Furen ɗorawa da na kuka da na rimi da dare suke buɗewa, kuma jemagu ne kan gaba wajen ɗaukar garin fure daga wannan itace zuwa wancan. Idan yara suka kori jemagu daga unguwa, ko aka sare manyan itatuwan da suke kwana a kai, ɗorawar za ta yi fure amma 'ya'yan za su ragu. Shi ya sa nake ba da shawarar a haɗa da baure, durumi ko ceɗiya, waɗanda 'ya'yansu suke ciyar da jemagu da hasbiya da cilakowa a lokacin da sauran itatuwa ba su da komai, su kuma tsuntsayen suna kawo irin wasu itatuwa a cikin kashinsu ba tare da an biya ko sisi ba.

A bakin rafi, don Allah kada a sa turare, wanda asalinsa daga Ostareliya yake, domin yana shan ruwa sosai kuma ciyawa ba ta jin daɗin tsirowa a ƙarƙashinsa. Ɗinya, kanya, maɗaci da giginya sun fi dacewa da wurin, a kuma bar gamba ta kama gaɓar, domin saiwar ciyawa ce take riƙe ƙasar sama kafin itatuwan su girma. Idan kuka ci karo da tsiron da dattawa suka kasa gane shi, ku ɗebo reshe mai ganye da fure ku kai ma'ajiyar tsirrai ta Jami'ar Ahmadu Bello, sannan tashar binciken gandun daji ta Samaru wuri ne da ya kamata ku tuntuɓa kan renon dashe.

Mai kiwon zuma, Bomo:
Malama, da girmamawa, ina da ɗan saɓani a kan turare, domin ƙudan zuma suna samun abinci a furensa, kuma wanda ya riga ya girma nesa da ruwa ban ga amfanin sare shi ba. A bakin rafi kam na yarda da ke. Abin da ya fi damuna shi ne maganin feshi. Masu noman lambu a fadama suna fesa maganin ƙwari da rana tsaka lokacin da ƙudan suke kan fure, sannan wasu su wanke tankin feshin a cikin rafin, kifi da kwaɗi su mutu. Ku zauna da su cikin mutunci, domin abincinsu ne, ku roƙe su su mayar da feshin zuwa yamma lis, su wanke tanki nesa da ruwa, su kuma bar 'yar tazara a gaɓa da ba a nomawa ba a fesawa. Kabewa da kuɓewarsu ma suna amfana da ƙudan, saboda haka maganar ba ta da wuyar shiga.

Ɗalibi mai kallon tsuntsaye, Tudun Wada:
Iyayena, ni shawarata ƙarama ce. Kafin a fara komai, a sa ɗaliban makarantar su rubuta sunayen tsuntsayen da suke gani a wuraren nan uku, da Hausa, a littafi guda, a riƙa maimaitawa kowane wata, domin ta haka ne za a san ko aikin yana haifar da wani abu. Yaron da aka ba aikin ƙirga shamuwa da zalɓe da kurciya yakan ajiye danƙonsa da kansa. Akwai kuma aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take jagoranta, wanda ke karɓar bayanai daga mutanen gari. Ina roƙon a kula da dogayen itatuwan da suka rage musamman, domin a kansu shamuwa da ungulu suke sheƙa. Ungulun da iyayenmu suka saba gani a mahauta, tun shekarar 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya, kuma cinikin sassan jikinta da guba da rashin wurin sheƙa ne suka kai ta nan.

Baba, dattijon unguwa, Wusasa:
Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma ba wanda ya ambaci akuya. Na ga an yi bikin dashe da jawabai da hotuna, kafin watan Janairu ba ko ɗaya da ya rage. Dashe ashirin da aka killace sun fi ɗari biyu da aka bari a fili. Ku jira ruwa ya zauna, wato ƙarshen Yuni zuwa Yuli, ku haƙa rami mai faɗi ku zuba taki da ya ruɓe, ku kewaye kowane dashe da ƙaya ko bulon da aka jera da tazara, sannan ku rubuta sunan gidan da zai ba shi ruwa daga Nuwamba har saukar damina. Itacen kowa da kowa shi ne yake mutuwa. Ku je wurin mai unguwa kafin ku taɓa ƙasa, ku kuma roƙi liman ya tunatar da jama'a hadisin da ya nuna cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce a gare shi. Masu sassaƙen maɗaci don magani kuma a nuna musu su riƙa ɗiba a tsaye ta gefe ɗaya, domin sassaƙen da ya zagaye gindi shi ne yake kashe itace.

Sakataren ƙungiyar unguwa, Dakace:
Allah ya saka da alheri. Tambaya biyu ta rage mini. Dattawanmu suna son rimi, tunda da shi aka san Zazzau, to a ina ya dace a sa shi? Sannan akwai wani tallafi na hukuma da za mu iya nema?

Tsohon ma'aikacin gandun daji, Samaru:
Rimi yana son fili, ɗana. Gindinsa yana buɗewa, saiwarsa tana tafiya nesa, kuma rassansa suna karyewa a guguwar farkon damina, saboda haka kada ya kusanci aji, katanga ko wayar lantarki. Ƙarshen filin wasan makarantar ko can bayan gaɓar rafin ya fi masa. A maƙabarta kuwa ku tsaya a kan iyaka kawai, ku sa tsamiya da magarya, don kada saiwa ta shiga kaburbura. Game da tallafi, jihar Kaduna ba ta cikin jihohi 11 na shirin babbar katangar itatuwa na hana kwararowar hamada, amma tana cikin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, da Bankin Duniya yake tallafa wa a jihohin Arewa 19 da Abuja, don haka ku yi wa ƙungiyarku rajista, ku kai takarda sashen aikin gona na ƙaramar hukuma ku tambayi hanyar shiga. Kada dai jiran amsa ya hana ku tara kalwa a wannan bazarar. Idan kun tsayar da ranar zagayen kututturen ku sanar da ni, zan zo da wuƙar yanke rassan itace in nuna wa matasanku yadda ake yankan.